Allurar Rage Ƙiba: Shin Wanda Ƙibarsa Ba Ta Yi Yawa Ba Ya Cancanci A Rubuta Masa?

Tambayar da likitoci da masu harhaɗa magunguna suke yawan sha a 'yan shekarun nan ita ce: mutumin da nauyinsa ya ɗara ƙa'ida da kilo biyar ko takwas kacal, wanda tufafinsa suka fara matse shi amma babu wanda zai kalle shi ya kira shi mai teɓa, shin ya cancanci a rubuta masa allurar rage ƙiba irin su Wegovy da Mounjaro? Amsar da ke rubuce a sharuɗɗan lasisin waɗannan magunguna a Amurka da Turai ita ce a'a, sai dai idan ƙibar tasa ta kai wani mataki kuma ta haɗu da wata cuta da ƙiba ke haddasawa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan amsa a matsayin tsaurin ra'ayi na ma'aikatan lafiya, suna cewa tunda maganin yana aiki, ai gara a tare ƙibar tun tana ƙarama a kan a jira ta gagara. Hujja ce mai ma'ana a zahiri, kuma akwai ɓangaren da take da gaskiya, sai dai ta tsallake wasu abubuwa da ya kamata a sani game da yadda aka ja wannan layi da kuma abin da aka gwada kafin a ja shi.

Abin da allurar take yi a jiki

Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa yana fitar da wani sinadari da ake kira GLP-1, wanda yake sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, ya rage saurin da abinci ke barin tumbi, sannan ya isar wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi. Sinadarin da jiki ke samarwa da kansa ba ya wuce 'yan mintoci kafin ya lalace. Abin da kamfanonin magunguna suka yi shi ne ƙera makamancinsa mai iya daɗewa a jini har tsawon mako guda, shi ya sa ake yin allurar sau ɗaya a mako, a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ko dantse.

An fara yin wannan rukuni na magunguna ne domin masu ciwon suga nau'i na biyu. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya samu amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, a kan Ozempic a 2017 domin ciwon suga, sannan a watan Yunin 2021 aka amince da Wegovy domin rage ƙiba, dukansu biyu kuwa sinadari ɗaya ne a cikinsu mai suna semaglutide, bambancin yana ga yawan abin da ake ɗirkawa da kuma dalilin da aka ba su lasisi. Kamfanin Eli Lilly na Amurka kuma ya fito da tirzepatide, wanda yake kwaikwayon sinadarai biyu, GLP-1 da GIP, ana sayar da shi da sunan Mounjaro, a Amurka kuma akwai Zepbound da aka amince da shi domin ƙiba a ƙarshen 2023. Ana fara Wegovy ne daga miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa bayan kowane mako huɗu har a kai 2.4, domin ciki ya saba a hankali.

Ma'aunin BMI da inda aka ja layi

Kusan duk sharuɗɗan cancanta sun rataya ne a kan wani lissafi mai sauƙi da ake kira BMI, wanda ake samu idan aka raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, aka sake rabawa da tsawon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 18.5 zuwa 24.9 a matsayin nauyi madaidaici, 25 zuwa 29.9 nauyin da ya ɗara ƙa'ida, 30 zuwa sama kuma ƙiba mai matsayin cuta. Sharaɗin lasisin Wegovy da na tirzepatide ga manya kusan iri ɗaya ne: ko dai BMI ya kai 30, ko kuma ya kai 27 tare da aƙalla cuta ɗaya mai alaƙa da ƙiba, kamar hawan jini, ciwon suga nau'i na biyu, yawan maiƙo a jini, ciwon zuciya, ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. A Turai an haɗa har da wanda sugansa ya fara hawa amma bai kai matakin ciwon suga ba.

Lambobin sun fi fitowa fili idan aka ɗora su a kan mutum. Mace mai tsawon mita 1.65 za ta shiga rukunin waɗanda nauyinsu ya ɗara ƙa'ida ne idan ta kai kilo 68, za ta kai BMI 27 a wajen kilo 73 da rabi, ba za ta kai 30 ba sai ta doshi kilo 82. Idan nauyinta kilo 72 ne, BMI ɗinta 26.4 ke nan, don haka ba ta cikin sharaɗin ko da kuwa tana da hawan jini. Namiji mai tsawon mita 1.75 da nauyin kilo 85 yana da BMI 27.8, idan lafiyarsa ƙalau bai cancanta ba, idan kuma yana shan maganin hawan jini ya cancanta. Tazarar da ke tsakanin wanda za a ba da wanda za a hana, a wasu lokuta, ba ta wuce kilo biyu da sakamakon awon jini ɗaya ba.

Sharaɗin lasisi shi ne mafi sassauci, domin hukumomin da ke biyan kuɗin magani sukan ƙara tsaurarawa. A Ingila, hukumar NICE, mai tantance magungunan da gwamnati za ta biya, ta ba da shawara a ƙarshen 2024 cewa a ba da tirzepatide a tsarin lafiya na gwamnati ga masu BMI 35 zuwa sama tare da cuta ɗaya, kuma da aka fara rabawa ta hannun likitocin iyali a watan Yunin 2025, an fara ne da masu BMI 40 zuwa sama waɗanda suke da cututtuka huɗu daga cikin biyar da aka lissafa. Wannan tsaurarawa ta kuɗi ce da ƙarancin ma'aikata, ba ta shafi batun ko maganin yana da haɗari ba. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a watan Disamban 2025, ta amince da amfani da waɗannan magunguna ga manya masu BMI 30 zuwa sama, kuma ta gindaya sharaɗi saboda ƙarancin bayanai na dogon lokaci.

Me ya sa aka tsaya a 27

Dalili na farko shi ne iyakar abin da aka gwada. Babban gwajin da ya buɗe wa Wegovy ƙofa, mai suna STEP 1, wanda aka wallafa a 2021, ya ƙunshi mutum 1,961, kuma bayan mako 68 waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuma sun rage kashi 2.4. A gwajin tirzepatide mai suna SURMOUNT-1 na 2022, mai mutum 2,539, waɗanda aka ba mafi yawan magani sun rage kusan kashi 21 cikin mako 72. Waɗannan su ne alƙaluman da ake yaɗawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, matsakaicin BMI na mahalarta gwaje-gwajen biyu ya kai wajen 38, matsakaicin nauyinsu ya haura kilo 100, ƙalilan ne daga cikinsu suke ƙasa da 30, kuma ba a ɗauki wanda yake ƙasa da 27 ba. Hukumar da ke ba da lasisi kuwa tana amincewa ne da magani ga irin mutanen da aka gwada shi a kansu.

Dalili na biyu ya fi nauyi a ganina, kuma shi ne wanda masu neman allurar suka fi tsallakewa. Babu wata alama da ke nuna cewa maganin zai ƙi aiki a jikin mai 'yar ƙiba, zai kashe masa sha'awar abinci kamar yadda yake yi wa kowa, kuma zai rame. Abin da likita yake aunawa shi ne wace cuta ce ramar za ta kare mutum daga gare ta, sannan me zai jure kafin ya samu wannan kariya. Haɗarin da ƙiba ke jawowa ba ya hawa daidai wa daida da nauyi, yana farawa ne a hankali sannan ya yi tashin gwauron zabi. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar The Lancet a 2016, wanda ya tattara bayanan miliyoyin mutane daga nahiyoyi huɗu, ya nuna cewa a tsakanin waɗanda ba su taɓa shan taba ba, haɗarin mutuwa ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100 ga masu BMI 25 zuwa 27.5, da kashi 20 ga masu 27.5 zuwa 30, da kashi 45 ga masu 30 zuwa 35, ya kuma kusa ninkawa ga masu 35 zuwa 40. Mai BMI 38 da ke fama da hawan jini da ciwon gwiwa yana da abubuwa da yawa da zai tsira daga gare su idan ya sauke kilo 15. Mai BMI 26 da jininsa da sugansa suke daidai, ribar da zai samu ta fuskar lafiya kaɗan ce ƙwarai.

Akwai masu kafa hujja da gwajin SELECT na 2023, wanda ya nuna cewa semaglutide ya rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa sanadiyyarsu da kashi 20 cikin 100, kuma an ɗauki mutane tun daga BMI 27. Gaskiya ne, amma dukan mutum 17,604 da suka shiga gwajin sun kai shekara 45, kuma tuni suna da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini. Sakamakon hujja ce mai ƙarfi ga irin waɗannan, ba ya cewa komai game da matashi mai ƙoshin lafiya da ke son ƙugunsa ya ragu.

Illar maganin ba ta raguwa don mutum ba shi da ƙiba sosai

Yayin da riba take raguwa gwargwadon ƙarancin ƙiba, illa tana nan yadda take. A gwajin STEP 1, kusan kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun yi fama da tashin zuciya, wasu da gudawa ko amai ko taurin bayan gida, mafi yawanci a makonnin da ake ƙara yawan maganin, kuma galibi abin yana lafawa. Matsalolin matsarmama, musamman tsakuwa, sun ninka na waɗanda ba a ba maganin ba, ko da yake adadin bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ba ya yawan faruwa amma yana iya kai mutum gadon asibiti, alamarsa kuwa ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya kuma ba ya sauka. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙara wata lalurar jijiyar ido mai iya rage gani kwatsam a cikin illolin semaglutide, ta ce tana iya samun mutum ɗaya cikin dubu goma. An kuma haramta maganin a Amurka ga wanda shi ko wani a danginsa ya taɓa kamuwa da wani nau'i na kansar tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, saboda abin da aka gani a gwajin ɓeraye.

Mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarin abin lura. Ba a amfani da waɗannan allurai lokacin goyon ciki, kuma ana son a daina semaglutide aƙalla wata biyu kafin a nemi ɗaukar ciki. Tirzepatide kuma yana iya rage ƙarfin ƙwayar hana ɗaukar ciki da ake haɗiya, don haka ake ba da shawarar a haɗa da wata hanyar na mako huɗu bayan farawa da kuma bayan duk lokacin da aka ƙara yawan maganin. Wanda za a yi wa tiyata ma wajibi ne ya sanar da likitan da zai sa shi barci, saboda abinci yana daɗewa a tumbi.

Sai batun tsoka, wanda ya fi shafar mai 'yar ƙiba fiye da kowa. Duk ramar da ta zo da sauri ba kitse kaɗai take ɗauka ba. A ƙananan nazarce-nazarcen da aka yi a cikin manyan gwaje-gwajen nan, tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kusan kashi biyu cikin biyar na nauyin da aka rasa ya fito ne daga abin da ba kitse ba, wanda ya haɗa da tsoka. Matar nan mai kilo 72, idan ta rasa kashi 20 cikin 100, za ta koma ƙasa da kilo 58, kuma ba ta da tarin kitsen da za a zaftare kilo 14 daga cikinsa ba tare da an taɓa naman jikinta ba. Ga wanda shekarunsa suka fara ja, rasa tsoka da ƙarfin ƙashi na iya zama garin gyaran gira a rasa ido.

Abin da ke faruwa bayan an daina

Yawancin masu 'yar ƙiba suna kallon allurar a matsayin abin da za a yi wata uku ko huɗu, a sauke kilo bakwai, a ajiye. Ba haka aka tsara maganin ba. Da aka bi sawun wasu daga cikin mahalarta STEP 1 na tsawon shekara guda bayan sun daina, an tarar sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rasa, kuma sauƙin da suka samu a hawan jini da suga ya fara komawa inda ya fito. Dalilin a fili yake: maganin yana danne yunwa ne muddin yana cikin jini, da ya fita kuma yunwar ta dawo, ta tarar da jikin da yanzu yake ƙona abinci kaɗan saboda ya rage girma. Shi ya sa likitoci suke kwatanta shi da maganin hawan jini, wanda ake sha shekara da shekaru. Wanda ke son rage kilo bakwai ya kamata ya tambayi kansa ko a shirye yake ya riƙa yi wa kansa allura kowane mako ba tare da sanin ranar dainawa ba, domin idan ya daina, kitsen ya fi tsokar saurin dawowa.

Inda masu sukar ma'aunin suke da gaskiya

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗauki lamba 27 kamar wata iyaka da halitta ta shata. Lissafin BMI ya samo asali ne daga aikin wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, a ƙarni na 19, wanda yake nazarin jama'a a dunƙule, sai a 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu. Ba ya bambanta tsoka da kitse, kuma ba ya nuna inda kitsen ya taru, alhali kitsen da ya kewaye hanji da hanta ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari nesa ba kusa ba. Mutum biyu za su iya yin BMI 26, ɗaya ɗan wasa ne mai ƙirar ƙarfi, ɗaya kuma siraran hannuwa gare shi da tumbi a gaba da suga mai hawa.

Asalin mutum ma yana da tasiri. An daɗe da lura cewa mutanen Kudancin Asiya da wasu al'ummomi suna kamuwa da ciwon suga a nauyin da bai kai na Turawa ba, don haka hukumar NICE ta rage ma'auninta da 2.5 ga mutanen da asalinsu Asiya ne ko Gabas ta Tsakiya ko baƙaƙen fata na Afirka da Karibiyan, ta yadda a wurinsu nauyi ya ɗara ƙa'ida tun daga 23, ƙiba kuma ta fara daga 27.5. Ƙasar Japan tana ƙirga ƙiba ne tun daga 25. Wato wanda yake ganin kansa mai 'yar ƙiba da BMI 28, wani ma'aunin ya riga ya sa shi a cikin masu ƙiba. A watan Janairun 2025 kuma wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawara a daina dogaro da BMI kaɗai, a haɗa da awon ƙugu, sannan a raba tsakanin ƙibar da ta riga ta fara lalata aikin gaɓoɓi da wadda ba ta fara ba. Awon mafi sauƙi da kowa zai iya yi shi ne ya kewaya igiyar awo a tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, bayan ya saki numfashi ba tare da ya janye ciki ba. Idan abin da ya samu ya wuce rabin tsawonsa, akwai kitsen ciki da ya kamata a bincika.

Saboda haka mutumin da yake tsakanin 25 da 27, mai faɗin ƙugu, wanda iyayensa suka yi ciwon suga kuma nasa sugan ya fara motsi, yana da hujjar zama da likita a duba lamarinsa da kyau. Doka a ƙasashe da yawa ta ba likita damar rubuta magani a wajen sharaɗin lasisinsa idan yana da dalili, amma alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa, kuma hakan ya sha bamban da rubuta wa lafiyayye magani don gyaran sura.

Hanyar bayan fage

Wanda aka hana a asibiti sau da yawa yakan koma intanet, ya cike fom ya ƙara wa kansa kilo goma, ko ya aika tsohon hoto. Abin ya yi yawa har hukumar da ke kula da kantunan magani a Birtaniya ta tsaurara ƙa'ida a watan Fabrairun 2025, ta ce cike fom kaɗai bai isa ba, wajibi ne mai rubuta maganin ya tabbatar da nauyi da tsawon mutum ta wata hanya mai zaman kanta. Wani dalilin wannan mataki shi ne masu lalurar ƙyamar abinci, waɗanda suke ganin kansu da ƙiba alhali a rame suke, kuma maganin da ke kashe yunwa yana iya jefa rayuwarsu cikin haɗari.

Mafi muni shi ne saye daga hannun waɗanda ba masu sayar da magani ba ne, a shafukan sada zumunta ko wuraren gyaran jiki. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da Ozempic na jabu, wanda ake zargin insulin aka zuba a cikinsa, sugansu ya faɗi warwas har wasu suka yi jijjiga. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun semaglutide da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Rububin masu neman rama ya kuma taimaka wajen ƙarancin Ozempic da aka yi fama da shi daga 2022, inda masu ciwon suga da aka yi maganin dominsu suka riƙa rasa shi.

Abin da ya rage wa mai 'yar ƙiba

Kalmar a gyara cin abinci a motsa jiki ta gundiri mutane, kuma ga mai BMI 40 sau da yawa ba ta isa. Ga mai 'yar ƙiba kuwa, a nan ne hujjar kimiyya ta fi ƙarfi. A wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, wanda ya ɗauki mutanen da sugansu ya fara hawa tun daga BMI 24, an sa wa rukuni ɗaya burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu, fiye da kashi 31 da ƙwayar ciwon suga mai suna metformin ta samar. Kashi 7 na kilo 72 wajen kilo biyar ne, kuma wannan ya ishi matar da aka yi misali da ita ta koma ƙasa da 25. Ya kuma dace a duba ko akwai wani dalili na ƙaruwar nauyin, kamar raunin tayirod, ƙarancin barci, ko wasu magunguna da aka san suna sa ƙiba, irin su na taɓin hankali da na rukunin siteroyid.

Akwai wani rukuni da ake yawan cakuɗawa da masu 'yar ƙiba, wato wanda ya fara allurar da BMI 33, yanzu kuma ya sauko 26. Sharaɗin 30 ko 27 na farawa ne, ana duba shi a kan nauyin da mutum yake da shi ranar da aka fara rubuta masa maganin, don haka saukowa ƙasa da layin ba ya nufin a yanke masa kai tsaye. Likitansa ne zai duba ko a ci gaba da yawan da yake kai, ko a rage, ko a gwada janyewa a hankali ana bibiyar nauyinsa da jininsa da sugansa.